Ma'aunin Maddi: Yadda Jan Warshu Ya Iso Damagaram

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da Littafi, ya kuma ɗauki alkawarin tsare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu saurare, na Birni da na Zango da na Sabon Gari, da na Mirriya da Magarya da Matamaye, da duk inda wannan murya take kaiwa: tun da watan nan mai alfarma ya kama, tambaya ɗaya ce ta fi yawa cikin takardun da ake aiko mana. Masu tambaya suna cewa liman dattijo yakan ja wata kalma a sallar asham, sai wani matashi daga sahu ya ɗaga murya ya gyara masa. A wani masallacin kuma matashin ne ke limanci, dattawa suna fita suna gunaguni cewa yana guntule karatu. Har an gaya mana inda jam'i ɗaya ya rabu biyu saboda wannan. Suna so mu faɗi wanda ke da gaskiya. Ba za a iya amsawa ba sai an san inda kowane ja ya fito, saboda haka zaman yau na tarihi ne.

Maddi a Larabci shi ne ƙari ko ja. A wurin malaman tajwidi kuwa, shi ne tsawaita sauti da ɗaya daga haruffa uku: alu bayan wasali bisa, da wau mai ɗauri bayan rufu'a, da ya mai ɗauri bayan wasali ƙasa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan al'amari, domin harshensa da kansa yana rarrabe ma'ana da ja. Gari da muke zaune a cikinsa da gari da ake tuƙa tuwo da shi, ba abin da ya raba su a baki sai tsawon wasalin farko. Haka dafa abinci da dafa kafaɗar mutum. Rubutun boko ya haɗa su a sura ɗaya, amma mai rubutun ajami yana sa wa ɗaya alu ya bar ɗaya. To, abin da ke faruwa a Hausa yana faruwa a Larabci, kuma a can hatsarin ya fi girma. Akwai harafin lam da ake sawa a farkon kalma don ƙarfafa zance. In aka ja shi, sai ya koma lam na korewa, abin da Allah ya tabbatar mai karatu ya kore shi bai sani ba. Ladan da ya ja hamzar farko ta sunan Allah a kabbara ya mayar da kabbararsa tambaya, wanda kuma ya ja harafin ba a kalmar akbar ya mayar da ita jam'in wata irin ganga. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tsawatarwa a kan waɗannan biyun.

Asalin ja yana cikin Sunna. Imam Bukhari ya ruwaito cewa an tambayi Anas ɗan Malik yadda karatun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake, sai ya siffanta shi da cewa karatu ne na ja, ya karanta Bisimilla yana jan sunayen Allah uku da ke cikinta. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu yana karantar da wani mutum ayar rabon zakka a Suratut Tauba, mutumin ya wuce kalmar fuƙara'u bai ja ba, sai Ibnu Mas'udu ya tsayar da shi, ya gaya masa ba haka Annabi ya karantar da shi ba, ya maimaita masa da ja. Ku lura da hujjarsa. Bai kawo masa ƙa'idar nahawu ba, abin da ya ji daga bakin Annabi ya kawo masa. A kan wannan aka gina ilimin ƙira'a gaba ɗaya.

Ja na asali, wanda ake kira ɗabi'i, gwargwadonsa haraka biyu ne, kuma ba wanda ya saɓa a kansa. Abin da ke ƙara masa tsawo abu biyu ne, hamza ko ɗauri. In ɗaurin na dindindin ne, kamar a kalmar ƙarshe ta Fatiha, dukkan makaranta sun haɗu a kan haraka shida. In hamza ce ta biyo bayan harafin ja a kalma ɗaya, kamar ja'a ko sama'u, shi ne muttasil. Duk sun haɗu a kan cewa dole a ƙara, har Ibnul Jazari ya ambata cewa ya bincika bai sami gajarta shi ba ko a karatu ingantacce ko a wanda aka ƙi. Sun dai saɓa a kan gwargwadon ƙarin. In kuwa harafin ja yana ƙarshen kalma, hamza tana farkon ta gaba, shi ne munfasil, kuma a nan saɓanin ya fi faɗi. Magabata da alu suke auna wannan, su ce alu ɗaya, alu biyu, alu uku. Lanƙwasa yatsa da ake koya wa yara yanzu dabara ce ta 'yan baya don sauƙaƙawa, kuma yatsan wani ya fi na wani sauri.

Karatun da muka gada a ƙasar nan na Imam Nafi'u ne, makarancin Madina, wanda ya rasu shekara ta 169 bayan Hijira. An ce ya yi karatu a gaban mutum saba'in daga tabi'ai, ya kuma daɗe ƙwarai yana karantarwa a masallacin Annabi. Imam Malik yana cikin waɗanda suka ɗauki Alƙur'ani a wurinsa, an kuma ruwaito cewa ya kira karatun mutanen Madina sunna. Wannan ne ya sa a mafi yawan ƙasashen da mazhabar Malik ta kafu ake samun karatun Nafi'u tare da ita.

A shekara ta 155 wani mutumin Masar mai suna Usmanu ɗan Sa'idu ya yi tattaki zuwa Madina don ya karanta a gaban Nafi'u. Fari ne sol, mai daɗin murya, sai malamin ya yi masa laƙabi da Warshu, wanda mu nan muke cewa Warash. Ya sauke a gabansa sau da dama, ya koma Masar ya zama shugaban makarantanta har ya rasu a 197. Cikin almajiransa akwai Abu Ya'aƙuba Yusufu, wanda aka fi sani da Azraƙu, ya rasu wajen 240. Shi da kansa ya ba da labari cewa sauka ishirin ya yi a gaban Warshu, wasu da karatun natsuwa a gida, wasu da karatun sauri lokacin da suke zaman ribaɗi a Iskandariyya. Ta hanyar wannan Azraƙu karatunmu ya zo, kuma ita ce hanyar da ta fi kowace yawan ja.

Ga abin da ke cikinta, mu bi shi a hankali, domin a nan rigimar take. Muttasil haraka shida. Munfasil shi ma shida, ba ragi. Sannan akwai abin da Azraƙu ya keɓanta da shi, wato badal, inda hamza take gaban harafin ja ba bayansa ba, kamar a kalmar amanu da Adamu da imani. Hafsu haraka biyu kawai yake ba shi. Azraƙu ya ruwaito fuska uku, biyu ko huɗu ko shida, kuma malaman Magrib sun fi gabatar da huɗu. Yaron da bai san wannan ba, in ya ji liman ya tsawaita amanu, sai ya ɗauka tsufa ne ya sa shi jan rai. Amma badal yana da wuraren da aka toge. Ba a tsawaita ya ta sunan Isra'ila, ba a kuma tsawaita inda harafi lafiyayye mai ɗauri ya gabaci hamzar a kalma ɗaya, kuma abin sha'awa, kalmar Ƙur'an kanta tana cikin waɗannan. Dattijon da ya ja ta fiye da biyu ya fita daga Warshu ko da niyyarsa girmamawa ce. Akwai kuma wau ko ya mai ɗauri bayan wasali bisa in hamza ta biyo baya a kalma ɗaya, kamar shai'in: huɗu ko shida. Akwai mim ta jam'i, wadda in hamza yankakkiya ta biyo ta, Warshu yakan sadar da ita da wau ya ja shida, alhali Hafsu ɗaure ta yake yi ya wuce. Waɗannan fuskoki kuma ba a ɗaukar su yadda aka ga dama. Wanda ya ɗauki biyu ko huɗu a badal, huɗu zai ɗauka a shai'in. Sai wanda ya ɗauki shida ne aka buɗe masa fuska biyun.

Kada wani ya zaci Warshu ja ne a ko'ina. A aya ta siffar Allah da mulkin ranar sakamako cikin Fatiha, Nafi'u yana karanta maliki ba alu, Asimu malamin Hafsu yana karanta ta da alu. Duka biyun sun tabbata daga Annabi, ɗaya tana nufin sarki, ɗaya tana nufin mamallaki. Wanda ya katse liman a kan wannan kalma ya ƙaryata karatu mutawatiri a tsakiyar salla, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Masar karatun ya yi yamma. Gazi ɗan Ƙaisu, wanda ya rasu a 199, shi ake ambata da kai karatun Nafi'u da Muwaɗɗa ta Malik ƙasar Andalus. A Ƙairawan kuwa mutane sun fi karatun Hamza har Muhammadu ɗan Khairun, wanda ya rasu a 306, ya zo musu da riwayar Warshu daga Masar, aka yi ta tururuwa gare shi. Sai zamanin rubutawa ya zo. Abu Amrin Dani, mutumin Andalus, ya rasu a 444, ya tsara karatu bakwai a littafinsa Taisir. Shaɗibi, makaho mai hasken zuciya, ya rasu a Alƙahira a 590, ya mayar da shi waƙa wadda har gobe ake haddacewa. A garin Taza ta Maroko, Ibnu Barri, wanda ya rasu wajen 730, ya keɓe karatun Nafi'u shi kaɗai ya yi masa waƙar Durarul Lawami'i, ya jera saɓanin Warshu da Ƙaluna babi babi. Wannan ɗan littafi shi ne ma'aunin karatunmu, kuma abin baƙin ciki ne yawan alarammomin da ba su taɓa riƙe shi ba.

Ƙofar da Alƙur'ani ya fi shigo mana ta ita, Barno ce. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarni na biyar na Hijira, Birnin Gazargamu kuma ya zama matattarar mahaddata. An sami wani mus'hafi na Barno mai ɗauke da tarihin 1080, wato 1669 a lissafin Nasara, da fassarar tsohon Barbarci a tsakanin layuka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da yaƙin da ke tsakaninsu da Barno, ya shaide su a Infaƙul Maisuri da kula da Alƙur'ani da haddarsa. Baffansa Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1245, da ya taƙaita tafsirinsa don masu rauni a littafin Kifayatu Du'afa'is Sudan, a kan riwayar Warshu ya tsayar da shi, domin ita ce karatun mutanen ƙasa. Saboda haka daga Gwandu har bakin Cadi, duk saɓanin sarauta da na takobi, ja ɗaya ake yi.

Damagaram tana tsakiyar wannan. Gidan sarautarmu kansa malami ne ya kafa shi, mutumin ƙasar Barno, wajen 1731. Sarki Sulaimanu ya mayar da fada nan Zindar wajen 1812, ana kai gaisuwa Kukawa. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da garu, ya ƙera bindigogi, ya ƙarfafa ƙasa har ayarin Kano da na Agadas da na Tarabulus suka riƙa sauka a Zango. Tare da hajar ayarin nan takarda take zuwa. Wanda ke da tsohon mus'hafi na gado, ya zare warƙa ɗaya daga gafaka ya ɗaga ta ga hasken rana, sau da yawa zai ga alamar wata uku a jikinta. Takardar ƙasar Italiya ce da ta ratso Sahara a bayan raƙumi. A kan wannan takarda kakanninmu suka rubuta baƙi da tawada baƙa, wasali da alamar maddi da ja, hamza yankakkiya da ɗigo rawaya, ta sadarwa da ɗigo kore. Alun da ba a rubuta a asalin mus'hafin Usmanu ba amma ake furta shi, da ja suke sa shi, shi ya sa yaro tun yana farfaru ya san bambancin alu baƙi da alu ja. Hatta ɗigon imala na Warshu, wanda muke cewa yamala, shi masu ajami suka ara suke rubuta wasalin da ke cikin kalmar gero da shi. Karatun Warshu ya shiga har cikin yadda Bahaushe yake rubuta wasiƙa.

Da Faransawa suka ci ƙasar bayan yaƙin Tirmini a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, suka tuɓe magajinsa a 1906, malamai suka shiga halin tuhuma. Garin nan ya zama hedkwatar mulkinsu har 1926. Iyaye da yawa suka ƙi lakol, suka ci gaba da tura 'ya'yansu gabas, Nguru da Gashuwa da Gaidam da Maiduguri, iyakar da Turawa suka shata ba ta hana almajiri da allonsa wucewa ba. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, wanda Allah ya nufa ya haddace ya rubuta da ka ya zama alaramma, ɗaiɗai su kai gwani. Duk wannan hanya da kunne ake bin ta. Gwani yana kishingiɗe a kan buzu a wurin darasu, in mai karatu ya rage ja ko ya ƙara, gyaran murya kawai zai yi, mai karatu ya koma baya. Da yawa daga cikinsu ba za su ce maka wannan badal ne wannan munfasil ne ba, amma bakinsu bai kuskure wurin ba. Hatta sunan da muke kiran mai karanta aya a majalisin tafsiri, mai jan baƙi, yana nuna yadda muka ɗauki karatu.

A nan ƙarfinmu yake, a nan kuma rauninmu yake, kuma ba za mu ɓoye ba don muna cikin masu furfura. Abin da aka ɗauka da kunne kaɗai, in malami ɗaya a silsila ya karkace, duk na bayansa sun karkace, ba littafin da zai dawo da su. Ta haka wasu abubuwa suka shiga karatun tsangaya waɗanda Warshu bai san su ba. Ana jan gajeren wasali don a cika amon murya. Ana cinye ɗabi'i a tilawar sauri har alu ya ɓace. Ana ba muttasil shida a farkon sumuni, a ba shi uku a ƙarshensa in numfashi ya ƙare. Wani kuma yakan wuce shida ya kai inda iskar ƙirjinsa ta tsaya, yana ganin ƙarin lada ne. Imam Hamza, wanda shi ma mai dogon ja ne, da ya ji wani yana wuce iyaka ya hana shi, ya kwatanta masa da farin fata wanda in ya wuce haddi ya zama cuta. Matasan da suka ce a karatun wasu dattawa akwai gyara, ba ƙarya suka yi ba. Inda suka kauce shi ne ma'aunin da suka ɗauko.

Ma'aunin nasu na Hafsu ne, ɗan Sulaimanu, mutumin Kufa, wanda ya rasu a 180, almajirin Asimu. Riwaya ce ingantacciya ba ko shakka, kuma ita ce ta fi yaɗuwa a duniya yau. Ta ƙarfafa a gabas zamanin daular Usmaniyya, sannan a 1924 aka buga mus'hafin Alƙahira a kanta, ya zama abin koyi ga maɗaba'u. A 1961 Shehu Mahmud Khalil Husari ya ɗauki Alƙur'ani duka a faifai da ita. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, alhazai suka riƙa dawowa kowa da kyautar mus'hafi. Rediyo da kaset suka shigo da muryar Abdulbasiɗ da Minshawi da limaman Harami har cikin rumfunan kasuwa, yanzu kuma ga ta a wayar kowane yaro. Makarantun Islamiyya suka ɗauki Tuhfatul Aɗfal ta Jamzuri da Muƙaddima ta Ibnul Jazari, yara suka san sunan kowane maddi da adadinsa. Musabaƙar Makka ta fara a 1979, ta Najeriya a Sakkwato a 1986, abin ya zama gasa. Cikin shekaru kaɗan, riwayar da ba a jin ta a garin nan sai a bakin baƙo ta zama ita yara suka fi sani. Muna yi wa Allah godiya a kan alherin da ke cikin wannan, domin haruffa da dama da harshen Hausa yake haɗewa sun rabu a bakin yaranmu.

A hanyar Shaɗibi, Hafsu yana ba muttasil da munfasil huɗu ko biyar, badal biyu. Yaron da ya tashi a kan wannan, in ya tsaya bayan liman mai Warshu, kusan kowane layi zai ji abin da bai saba ba. In malaminsa bai gaya masa akwai wasu riwayoyi ba, zai ɗauka kuskure ne, kuma laifin malamin ya fi nasa. Da an gaya masa cewa Husarin nan da yake koyi da shi ya ɗauki Warshu duka a 1964, da cewa maɗaba'ar Madina tana buga mus'hafin Warshu da na Ƙaluna da na Duri, da ya sassauta. Dattijon ma da an gaya masa cewa Warshu kansa yana da wata hanya, ta Asbahani, wadda ake gajarta munfasil a cikinta, da cewa Ƙaluna abokin karatun Warshu a gaban Nafi'u, wanda mutanen Libiya da Tunis suke bi, bai kai shida ba, da ya daina cewa yaro ya guntule Alƙur'ani. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa sun ratsa Wadai da Sudan, sun yi salla bayan masu karatun Duri, ba mu ji sun sake sallarsu ba.

Sai hukunci. Malamai sun raba kuskuren karatu biyu: bayyananne, wanda ke taɓa ginin kalma ko wasalinta, kamar zubar da ja na asali ko ƙirƙiro shi inda babu, da ɓoyayye, wanda sai masana suke gane shi, kamar rage shida zuwa biyar. Na farko shi ne abin tsoro, musamman a Fatiha, har Shehu Khalil ya ambaci saɓanin malaman mazhaba game da koyi da liman mai lahani. Na biyu aibi ne ga mai ilimi, amma ba ya ɓata sallar kowa. Saɓanin riwaya kuwa ba ya cikin kashi biyun nan ko kaɗan. Game da buɗa wa liman, abin da muka karanta a littattafan mazhaba shi ne ana buɗa masa in ya tsaya yana nema, ko ya yi kuskure a Fatiha, ko ya juya ma'ana. Ba a mayar da sahu wurin darasu. Wanda ya ji abin da ya shige masa duhu ya jira a sallame, ya sami liman a keɓe, ya gaishe shi, ya ce Allah gafarta Malam, da wace riwaya aka karanta?

Akwai wata cuta sabuwa da ta fi waɗannan damunmu, ita ce cakuɗawa. Alaramma ya haddace da Warshu a tsangaya, kunnensa kuma ya cika da kaset na Hafsu, sai ya tashi salla da kalmomin wannan da jan wancan. Ya karanta maliki ba alu, ya sauƙaƙa hamza irin ta Warshu, sannan ya ba munfasil huɗu ya ɗaure mim ta jam'i. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 833, ya yi bayani filla-filla a littafinsa Nashru. In cakuɗawar ta ɓata i'irabi haramun ce. In mutum ya yi ta yana da'awar riwayar wane ce, ƙarya ce a riwaya. In ba haka ba, ba a ce haramun ba, amma abin kunya ne ga masani ya yi abin da jahili yake yi. Wannan karatu na tsaka-tsaki ba shi da malami a sama da za a jingina shi gare shi, kuma in aka bar shi, shi zai cinye Warshu a ƙasar nan kafin Hafsu ya cinye ta.

Mun san uzurin limaman asham. Izu sittin ne, ana so a sauke kafin wata ya ƙare, ga zafi, ga tsofaffi a sahu, ga Warshu da dogon ja. Amma karatu hawa uku ne, tahƙiƙi da tadwiri da hadari, wato natsuwa da tsakaitawa da sauri, kuma mun ji ɗazu Azraƙu ya ɗauki na natsuwa da na sauri daga bakin Warshu. A karatun sauri harakar kanta ce take gajarta, sai shida ta gajarta tare da ita, amma tana nan ninki uku na ɗabi'i. Wanda ba zai iya riƙe wannan a izu biyu ba, ya karanta izu ɗaya. Sauke Alƙur'ani a asham mustahabbi ne, ba wanda zai shiga wuta don bai sauke ba.

Abin da muke roƙon limamai shi ne kowa ya sanar da jama'arsa riwayar da yake karantawa da ita, ya kuma tsayar da mahaddaci mai irin riwayarsa a bayansa, shi kaɗai zai buɗa masa. Masu makarantun Islamiyya su ware wa manyan ɗalibai lokacin Ibnu Barri, ko da babin maddi da na hamza ne kawai. Alarammomin tsangaya kuma kada girman kai ya hana su zama gaban wanda ya karanci littafin, ko da sa'an ɗansu ne, su auna abin da suka gada, su riƙe wanda ya dace su ajiye wanda bai dace ba. Gwanayen da suka ɗauka daga bakin gwanayen gabas suna nan da sauransu a Birni da ƙauyuka, amma kowace shekara ana rage su, kuma ba a ɗaukar ja daga takarda.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki babin imala da hukuncin ra da lam a wurin Warshu. Masu mus'hafin hannu su zo da shi kusa da rediyo, su buɗe Suratu Ɗaha. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.